Sai Bakin Ya Miƙe

"Kar ka motsa, Baba," in ji likitar, ta sake ɗora ɗan ƙarfen a saman girarsa. Lantarki ya tsikare shi. Idon dama ya ƙifta nan take. Na hagu, wanda ya ƙi rufuwa tun ranar da rabin fuskar ya shanye, rawa kawai ya ɗan yi.

Tela, maƙwabcin da ya rako tsohon direban, yana gefe riƙe da hularsa.

Likitar ta dubi layukan da na'urar ta zana. "Jijiyar tana amsawa, ko da yake a makare. Alama ce mai kyau. Yawanci irin wannan fuskar tana dawowa, sai dai a yi haƙuri."

Da ma ba ta faɗa ba! Daga ranar Direba ya samu abin fakewa. 'Yarsa tilo ta haihu a wani gari, kullum tana waya za ta kawo masa jikan, shi kuwa ya kafe.

"Ta bari sai bakin ya miƙe," yake ce wa Tela, yana share yawu da gefen hannu. "Ba ka ji likita ba?"

"Likita ce ta ce kar a gan ka? Jariri ne fa! Ina ruwansa da bakinka?"

"So kake in firgita yaro, ya tashi yana kirana dodo?"

Haushi kamar ya kashe Tela. Kullum da safe shi ke ɗiga masa magani a ido, ya manna masa auduga, ya fita yana mita har gaban keken ɗinkinsa. In 'yar ta kira, Direba sai ya kife wayar a kan tabarma. Wai ko muryarsa ba ya so ta ji a karkace. Mutum da furfurarsa, amma taurin kai sai ka ce jaki.

Wata safiya ya ƙwala wa Tela kira ta kan katanga. Tela ya shigo ya same shi gaban madubi, gefen leɓen hagu yana ɗagawa kaɗan.

"Ka gani? Na'ura ba ta ƙarya. Ka ce mata mako mai zuwa."

"Yau dai!"

"Mako mai zuwa na ce."

Kafin la'asar zuciyar Direba ta tsaya, yana zaune a kujerarsa ta ƙofar gida.

'Yar ta iso washegari, an riga an kai shi. Ta tsaya tsakar ɗaki, goye da yaron.

"Kawu," ta ce wa Tela, "fuskar tasa ta yi muni sosai ne?"

"Wallahi ko kaɗan," ya ce. "Ko kaɗan, 'yata."

Ta kwance goyon, ta shimfiɗe yaron a kan gadon kakansa. Ya yi miƙa, ya ci gaba da barcinsa.