Kajin Jegon Nagla

Sawun ya fito daga gindin katanga, ya ratsa garin alkamar da Sabriyya ta barbaɗa a ƙasa, ya shige ƙarƙashin akurki. A hanyar komawa ya fi nutsewa cikin garin, domin mai shi ya fita da nauyin da bai shigo da shi ba.

Sabriyya ta durƙusa ta leƙa. Kazarta wake-wake ta takure a lungu ta baje fukafukai, 'yan tsakin da suka rage sun cusa kawunansu a ƙarƙashinta. An sake ɗauke ɗaya.

Ba don kasuwa take kiwonsu ba. Autarta Nagla na ɗauke da cikin fari a gidan miji, kuma a wannan gefen na Fayyum, a ƙasar Masar, uwa ce ke kai kajin jego, kiwon hannunta. Wadda ta je da fararen kajin shago, masu nama kamar auduga, sai ta shekara tana jin labarin kanta a bakin matan layi. In waɗannan suka ƙare, ko yau aka sa wa kazar sabon ƙwai haihuwa za ta riga su girma.

“Ummu Atif, me kike nema a ƙasa? Ɗan kunnenki ne ya faɗi?” Mijinta Shahata ne ya leƙo daga ɗaki, kofin shayi a hannu.

“Zo ka gani. Baƙonka ya sake zuwa karin kumallo.”

Ba abin da ba ta yi ba don korar macijin da ke ɗauke mata 'yan tsaki. Ta turara tazargade har maƙwabta suka fara tari. Ta daka tafarnuwa ta watsa, ta zuba kananzir a gindin katanga, ta bi duk ramin da ta gani ta liƙe da laka. Macijin dai bai fasa ba, sai ka ce gayyatarsa ake yi.

Shahata ya dubi sawun ya sosa ƙeya, ya ce wannan aikin gardi ne. Washegari da hantsi ya shigo da wani dogon mutum mai faɗin hannun riga, rataye da jakar fata, matan layi biye da su. Gardin ya zagaya tsakar gida yana sunsunar iska, yana doka sanda a bango yana kirari. Da ya isa bayan tanderun gurasa sai ya sunkuya, ya zura hannu, ya zaro maciji ta wutsiya. Mata suka rangaɗa guɗa. Shahata ya washe baki kamar shi ya kama.

Sabriyya ba ta yi guɗa ba. Ta ƙare wa macijin kallo: siriri ne, laƙwas, cikinsa a shafe, yana lilo a hannun gardin kamar sun daɗe da sabawa. Wannan ko ƙadangare ya haɗiya sai an gani daga nesa, balle 'yan tsakinta. Amma ba a kunyata baƙo a gaban mai gida. Aka sallame shi, har da gurasa mai zafi.

Kafin garin da ta sake barbaɗawa ya sha raɓa sau biyu, sawun ya dawo.

A ɗakin ajiya akwai ragar kamun kifin Shahata, a naɗe, rataye a ƙusa. Tun da ruwan tafkin Ƙarun ya ƙara gishiri kifi ya yi ƙaranci, bai sake jefa ta ba. Duk Juma'a yakan sauke ta, ya kakkaɓe, ya mayar. Sabriyya kuwa da ita aka yi ta cire kifi daga idanun ragar nan tun tana amarya. Ta san yadda kifi ke tura kai ya shiga, in ya nemi ja da baya ƙayar jikinsa ta sarƙe. Ta zauna tana tunanin abin da ke da saɓa a jiki, wanda shi ma da kai yake shiga.

“Abu Atif, ara mini ragarka.”

“Ki yi me da ita? Kamun kifi za ki fita?”

“Akurki zan kewaye.”

Ya dire kofin da ƙarfi. “Ragar da na saƙa da hannuna? Ragar da ta ci da gidan nan, ta aurar da Atif? Ita za a shimfiɗa wa kaji su yi kashi? Kifi zai dawo, ke dai ba ki da haƙuri.”

“Allah ya dawo da shi. Amma jikanka ba zai jira kifi ba. Ranar suna kai za ka shiga gaban surukan Nagla ka ce musu maciji ya cinye jegon, raga kuma tana nan lafiya a ƙusa.”

Ya zura takalmi ya fice wurin mai shayi, ya bar ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, ga makullin a jiki. Sabriyya ta zauna da mutumin nan tun gashinsa na baƙi, ta san irin wannan amsar. Tausayinsa ya kama ta, amma duk da haka ta ɗauki almakashi.

Ba ta ɗaure ragar tamau ba, don maciji zai bi ta kai ya haye abinsa. Sako-sako ta tattara ta, ninki kan ninki, ta kewaye gindin akurkin har zuwa katanga, ta danne gefen da tubali. Da Shahata ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Can ya tsuguna yana gunaguni, ya kwance ƙullin da ta yi a kusurwa ya sake nasa.

“Wannan ƙullin naki ko kyanwa ba zai riƙe ba,” in ji shi.

Ranar da abin ya faru tana gaban tanderu, rana ta take, fuskarta sharkaf da zufa. Kazar ta ƙwala wani irin kuka, ba irin na mai ƙwai ba. Sabriyya ta yar da faifan gurasa ta ruga. Ga shi nan a gindin katanga, gamsheƙa ne, kaurinsa ya kai damtsenta. Ya tura kai cikin ragar har wuya, ya nemi fasa kai zaren ya hana, ya yi baya saɓarsa ta sarƙe. Duk birgimar da ya yi sai ragar ta ƙara naɗe shi. Tsakaninsa da ƙofar akurki bai wuce taki ba.

Ta ƙwala kira, muryarta ta fita har bakin titi. “Abu Atif! Fito da filafili! Ragarka ta yi kamu!”

Ya fito ba takalmi, filafilin jirginsa a hannu, ya ce ta ja da baya. Ya auna, ya sauke masa a ka, ya ƙara, har jelar ta daina motsi. Sannan ya tsaya yana haki, yana duban ragarsa cike da nauyi. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce hayaƙin tanderu ne.

A wannan karon Sabriyya ce ta fara guɗa, ta yi ta da dukkan ƙarfinta, matan layi suka shigo suna ture juna. Kafin la'asar Shahata ya ba da labarin a wurin mai shayi har macijin ya kai tsawon jirgi, dabarar kuma ta zama tasa tun daga farko. Ta ji, ta ƙyale shi. Da yamma tana kallo ya baje sauran ragar a cinya yana yanka wa maƙwabta, yana koya musu yadda ake ninkawa.

Ba a sake ɗauke ɗan tsako ko ɗaya ba. Suka yi gashi, suka yi tsoka, zakarun cikinsu suka fara gwada cara da muryar da ba ta nuna ba. Nagla ta sauka lafiya, namiji, Sabriyya ta tafi da keji a ka, wanda sai da mutum biyu suka ɗora mata. Uwar mijin Nagla ta ɗaga kaza ɗaya ta jinjina, ta taɓa ƙirjin, ta ce, “Masha Allah, Ummu Atif, hannunki na da albarka.”

Sabriyya ta zauna a bakin gado tana riƙe da kwano, 'yarta na kurɓar romo, zufa na tsattsafo mata a goshi. Shahata ya leƙo ta ƙofa, jariri a hannunsa, hancinsa na bin ƙamshin tukunya.

“Ummu Atif, ni ba a sammin ko cinya? Ragata ce fa ta yi aikin.”

“In ka haihu na dafa maka,” in ji ta, ta sake cika wa Nagla kwanon.