Tubar da Alhaji Isufu Ya Zaɓa

Yayana Alhaji Isufu bai taɓa kiran sunan 'yarsa Raliatou ba. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu na Maraɗi uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya tsayawa hira da shi. Shekara talatin yana Montreuil, gefen Paris, yana tura tsofaffin firji gida, ya saba da sanyi, ya saba da burodi, amma kunyar nan ya riƙe ta gam. Raliatou a wurina take zaune a Vénissieux, gefen Lyon, don haka in yana da magana da ita, ni A'i yake kira ya ce, "Ki gaya ma yarinyar nan."

Yarinyar nan shekararta ashirin da huɗu, tuba take busawa, ƙaton ƙahon tagulla mai naɗe-naɗe da ake rungumewa a cinya. Ta kai zagayen ƙarshe na gasar shiga wata ƙungiyar makaɗa a Lyon, kujera ɗaya tak, aikin dindindin. Tubar da ta saba da ita ta makaranta ce, ta gama karatu sun karɓi abarsu. Sai ga Alhaji, wanda bai taɓa zuwa jin busarta ba, ya ce shi zai saya mata.

Raliatou ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Kowace tuba da muryar da aka ƙera ta a kai. Akwai mai muryar da ake kira "fa", ƙarama, mai hawa sama da sauƙi, akwai mai muryar "si bémol", uwarsu, mai gurnani. Maɓallin da ka danna a wannan, wani sauti daban zai ba ka a waccan. Waƙar gasar kuwa ƙaramar take buƙata. Ta rubuta a takarda, na ɗauki hoto na tura masa.

Ranar Talata ina jera kwalaye a siton da nake aiki sai ga kiransa daga shago a Paris.

"A'i, Nasaran nan ya raina ni. Na gwada mishi takardar a waya, ya hiddo mini wata 'yar mitsitsiya, alhali ga babba can bayan gilashin vitrine."

"Yaya, kira ta mana, ai kana da numéro ɗinta."

"Ni in kira ta? Ke ma kin san ba a haka."

Shugaban sito yana hararata, na ce, "To, kai ka san kaya." Wannan maganar har yau tana cina.

Ya san kaya kuwa. Ya ƙwanƙwasa ƙaramar da zobe, ya ɗaga ta, ya ajiye. Ya ɗaga babbar, bayansa ya amsa, ya gamsu. Sau uku mai shagon yana nuna masa takardar, shi kuwa kowane nuni ƙara tabbatar masa yake ana ɓoye masa mai kyau ne.

Da kansa ya kawo ta a jirgin ƙasa, ya hau bene da ita yana haki. Raliatou ta buɗe akwatin, na ga fuskarta ta mutu. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba."

Ya kalli labule ya ce, "A'i, ki ce mata ta kula da ita. Kilo goma sha ɗaya ce."

Da ya tafi na ce ta nemi aro wurin ƙawayenta, ba wanda zai sani. Ta ce, "Gwaggo, c'est la première fois, karon farko ke nan da ya ɗauko mini wani abu da hannunshi. Da ita zan je." Taurin kan nan na san inda ta gado shi, raina kuma ya ɓaci da su duka biyun.

Kwana tara tana koya wa yatsunta sabuwar hanya. Kofuna suna rawa a kan tebur, maƙwabciyar ƙasa tana dukan silin da sandar tsintsiya. Ranar gasar, da waƙar ta hau sama, babbar ta ƙi binta. Sautin ya tsage sau biyu, alƙalai suka gode mata tun ba ta ƙarasa ba.

Da la'asar Alhaji ya kira ni. Ya ce duk 'yan masallacinsu sun ga hoton tubar, sun yarda ba wanda zai zo da wadda ta kai ta girma. "To, yarinyar nan ta ci?"

Na ce, "Yaya, tana da suna, tana da waya." Na kashe.

Muka zauna ni da Raliatou, tubar tana tsakaninmu a kan kujera. Can sai wayar Raliatou ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙe tsaye, ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta. Ta ɗaga.

"Allô, Baba?"

Ina jin numfashinsa daga inda nake. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

Sannan ya ce, "Ba gwaggonki wayar."