Layin Nijar na Mudathir

Sai da Safara'u ta fita takaba sannan Zunnuraini ya yarda aka taɓa kwaɗon shagon ƙaninsa Mudathir, mijinta. Haka suka taso suka tarar a gidansu: kayan mamaci ba a motsa ko tsinke sai matarsa ta gama zamanta, malami ya zo ya raba. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar da Mudathir ke ciki a hanyar Daddara, Zunnuraini ya kulle shagon, ya kashe wayar marigayin ya ƙulle ta a leda tare da agogonsa, ya sa a ƙasan akwati. Damina ta zo ta wuce a kan haka.

Shagon gem ne, a Magama, daf da inda manyan motoci ke layi kafin su tsallaka Nijar. Direbobi da 'yan kamasho kan shiga su buga ƙwallo a talabijin har a kira motarsu. Da shi Mudathir ke ciyar da matarsa da 'yarsu Mufida, wadda ba ta daɗe da fara hausa ba. Shi kuwa Zunnuraini faci yake yi a gindin dalbejiyar da ke ƙofar shagon, kuma abin da faci ke kawowa bai ƙosar da gidansa ba balle gida biyu.

Mahaifin Safara'u ya riga ya aiko daga ƙauyensu, can bayan Farfaru, cewa ta tattaro ta dawo da yarinyar. Ƙauye ne da rabin mutanensa suka gudo gari.

"Yaya," in ji Safara'u daga bayan labule, "idan shagon zai riƙe mu, ni nan na fi so. In ba zai riƙe ba, ba ni da bakin ƙin Baba."

"Zai riƙe, Maman Mufida," ya ce. "Kayan na nan yadda ya bar su."

Kayan suna nan, amma kwanon rufi ya yi yoyo daidai kan teburin da na'urar gem ɗin take. Na'urar ta ƙi tashi. Zunnuraini ya naɗe ta a zani ya kai wa Amos mai gyaran waya a cikin Jibiya, wanda shi ne ya haɗa wa Mudathir ita tun farko.

A hanya ya yi ta tuno musun da suka sha da Mudathir a kan wannan farar na'ura. Da can mai cin faifai ce a shagon, faifan kuma cike da kwali. Mudathir ya dage sai ya sauya ta da sabuwa wadda ba ta da bakin faifai ko kaɗan, wadda ake sayen wasa ta waya ya sauko cikinta.

"Faifai ya zama wahala, Yaya. Ya ƙarje, ya ɓace, yara su soke shi a riga. Wannan kuwa ko wuta ta ci shagon, wasannina na can da sunana."

"Can ina?"

"Can dai. A sama."

"Abin da ba ka iya riƙewa a hannu, ta ina ya zama naka?"

Mudathir ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ai kai da taya kake yini. Komai sai ka matsa ka ji iska kafin ka yarda."

Ya sayar wa wani direban Maraɗi tsohuwar na'urar da kwalin faifan gaba ɗaya. Guda ɗaya direban ya ƙi ɗauka saboda ya ƙarje, Zunnuraini ya rataye shi a dalbejiya yana duba gemunsa a ciki. Lokacin an yanke sabis a Jibiya da kewaye, kowa ya koma layin Nijar da ke tsallakowa, don haka da layin Nijar Mudathir ya yi rajistar komai.

Amos ya yi aikinsa. Na'urar ta tashi, sai dai ta tashi fayau, babu wasa ko ɗaya.

"Kada hankalinka ya tashi, Malam Zunnu. Ruwa ya cinye abin da ke ciki, amma wasannin na nan da sunansa. Kalmar sirrin ma na san ta, sunan 'yarsa ya sa. Abu guda ya rage: in na shiga, za su turo lamba a layinsa. Ka zo da wayar?"

Zunnuraini ya kwance ledar. Suka sa caji, suka hau babur zuwa bakin iyaka inda sabis ɗin Nijar ya fi ƙarfi, Amos na rungume da kwamfutarsa. Wayar ta kunnu, hoton Mufida ya fito. Layi kuwa shiru. Amos ya cire sim ɗin, ya goge a riga, ya mayar. Shiru.

"Yaushe rabon da a sa masa kati?"

"Tun rasuwar ba a taɓa ta ba."

Amos ya dube shi. Ya ɗauki tasa wayar ya kira lambar Mudathir. Sai ga ta tana shiga.

"Alo?" Muryar mace ce babba, ana jin ƙarar injin niƙa a bayanta.

Zunnuraini ya karɓi wayar da hannu biyu. "Salamu alaikum, Hajiya. Don Allah wannan layin..."

"Nawa ne. Sabo na saye shi a Maraɗi. Wa ke magana?"

Ya yi mata bayani a natse, yadda yake yi wa mai mota bayanin taya: ƙaninsa ne mai layin da, ya rasu, ya bar marainiya, dukiyarta na ƙulle, za a turo 'yar lamba a wayarta, ita ce kawai zai roƙa ta karanto masa.

"Allah shi jiƙan shi," ta ce. "Wace irin dukiya?"

"Wasanni ne, Hajiya. Na talabijin."

"Wasanni," ta maimaita. "Suna ina?"

Zunnuraini ya dubi Amos. Amos ya ɗaga kafaɗa.

"Suna... a sama."

Matar ta yi wata dariya marar daɗi. "Kai bawan Allah, daga Najeriya kake ko? Ɗiyata ta gaya mini. Ta ce Inna, duk wanda ya ce ki karanto mishi lamba, ɓarawo ne, ko da kuka ya zo. Maƙwabciyata haka aka kwashe mata komi. Shi ma marayu ya ce."

"Wallahi tallahi, Hajiya, ni mai faci ne a Magama. Ki tambayi kowane direba. In kin yarda in tsallako, in zo da yarinyar ki gan ta da idonki."

"Ka zo ina? Mi zan yi da ganin ɗiyar mutane? In gaskiya gare ka, Allah shi ba ka ta wata hanya."

Ta kashe. Amos ya tura neman lambar duk da haka, wai ko in ta ga saƙon zuciyarta za ta yi sanyi. Suka sake kira. Ta ɗaga, ta ce, "Ga shi kuwa ta shigo, yadda ɗiyata ta ce," ta kashe. Kira na gaba bai ƙara shiga ba.

Suka zauna a kan wata tsohuwar taya suna kallon motoci. Amos ya ce akwai hanyar rubuta wa kamfanin wasannin, amma za su tambayi abubuwan da Mudathir kaɗai ya sani, kuma ko sun amsa, wasannin da sunan mutum guda aka sayar, ba a gadonsu.

"Da an riƙa sa wa layin ko ɗan kati kaɗan, da ba a sayar wa wani ba..." in ji Amos.

"Kayan mamaci ne," Zunnuraini ya ce.

Ranar rabon gado Malam Kalilu limamin unguwa ya zauna a tabarma, aka jera masa talabijin, benci biyu, janareta, agogo, waya, da farar na'urar. Zunnuraini ya yi ƙoƙarin bayyana masa cewa mafi tsadar abin da Mudathir ya bari ba ya cikin waɗannan. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Ana iya kawo shi nan?"

"A'a, Malam."

"Ana iya sayar da shi?"

"A'a."

"To, Zunnuraini, ni abin da ke gabana nake rabawa."

Sayen wasannin daga farko ya fi ƙarfin duk abin da ke kan tabarmar. Aka yi wa kayan kuɗi, wani mai shago daga Katsina ya kwashe.

Safara'u ta tafi ranar kasuwa, da hantsi, a bayan a-kori-kura mai zuwa wajen Farfaru. Motar ta tsaya a gindin dalbejiya don a ƙara wa taya iska, Zunnuraini ya ƙara da hannunsa, ya matsa ya ji ta yi. Mufida na kan cinyar uwarta, ta hango faifan yana juyawa a reshe yana walƙiya, ta miƙa hannu.

Ya tsinke zaren ya ba ta. Ta kama da hannu biyu, ta leƙa fuskarta a ciki, ta kai baki.

"Ki riƙe da kyau," ya ce. "Na babanki ne."

Direba ya yi hon. Zunnuraini ya ja baya, ya tsaya da tiyon iska a hannu har motar ta sha kwana. Sannan ya juya, don akwai wata tirela da ke jiransa.