Zoben da Aka Ciro Daga Ruwa

Duk wanda ya shiga shagon mai duba duwatsu, fatansa a ce nasa na gaske ne. Ni kam na shiga ina roƙon Allah a ce nawa jabu ne.

Tun da jirgin ruwa ya kife da Autarmu ba a gan ta ba. Sai ga masu ceto sun kira ni, wai sun ciro gawar wata mata sun kai asibitin da ke bakin ruwa, ruwa ya ɓata fuskar, amma akwai zobe a yatsanta. Zoben azurfa mai jan dutsen yakutu, sak wanda Inna ta bar wa Auta. To amma irinsa ai ga su nan birjik a kasuwa! Na Inna dutsen asali ne. In wannan na kasuwa ne, to 'yar wasu ce, ba ƙanwata ba.

Auta akwai tsiyar ƙwanƙwasa zobe a jikin kofi in tana tunani, na yi faɗa har na gaji. Tun da suka ba ni zoben na kawo shi gida nake jin ƙwas, ƙwas daga kicin da rana tsaka. In leƙa, ba kowa sai kofi a kan tebur. Wallahi tsoro nake ji.

Mai shagon dattijo ne, ga surutu kamar rediyo. Ya kunna 'yar fitila, ya manna gilashin dubawa a ido.

"Baiwar Allah, kar ki sa rai," in ji shi. "Yawanci dutse ne mai tsaga, sai masu yin jabu su narka gilashi su cike tsagar. Da na ga kumfa a ciki, ko wani shuɗin walƙiya in na juya shi, jabu ne, magana ta ƙare."

"Malam, duba min, ba karatu na zo ba."

Ya juya zoben, ya sake juyawa. Sai ya miƙo min gilashin. Na leƙa, ja ko'ina, mai zurfi, kamar na tsoma kai a rijiya. Na nemi kumfa, ko da guda ɗaya ce, Allah Ya sani na nema. Babu. Sai wasu siraran zare kwance a ciki, sun gitta juna kamar gashi a jikin mataji.

"Wannan zaren ba hannun mutum ba ne, a ƙasa ya tsira," ya ce yana washe baki. "Kai, rabona da irinsa har na manta! Barka, barka. Na asali ne."

Don murna ya buga zoben a kan gilashin kanta. Ƙwas, ƙwas.

"Daina," na ce. Ya dube ni sororo.

Na karɓa, na zura shi a ƙaramin yatsana, nan kaɗai yake shiga. Sannan na tambaye shi wace mota ce ke zuwa asibitin da ke bakin ruwa.