Ofishin da Ba Shi da Bene

Shekara talatin ina kaɗa goge a bukukuwan mutanen da ba za su sha ruwa da kofina ba. Mu 'yan ƙabilar Rom ne, su kuwa hankaki suke ce mana. Na rusuna har bayana ya lanƙwashe. Likita ya ce tsufa ne, na ce a'a, ladabi ne.

A watan jiya 'yan sanda suka tare ɗana Sandu a tashar mota, wai kekensa ya fi ƙarfin hankaka. Shekararsa sha bakwai, ya kuma fi ni iya goge tun yana sha biyu. Bayan kwana biyu aka sako shi da yatsu huɗu na hagu a karye. Saje Valku ya turo mini takarda, wai yaro ya faɗo daga bene a ofishinsu. Ofishin nan ko dakali ba shi da shi. Na sa hannu. Har godiya na yi masa da aron biro.

"Baba, ka karanta kuwa?" in ji Garofitsa, ƙanwar Sandu, wadda ke yi mana waƙa.

"Na karanta, 'yar nan. Saje ya iya rubutu."

Kwana tara ba ta ce mini ci kanka ba.

Sai ga bikin 'yar magajin gari, da rana tsaka. A al'adar bikinmu, baƙo kan manna wa makaɗi kuɗi a goshi, ya raɗa wa mawaƙiya saƙo, ita kuma ta shelanta a lasifika: daga wane zuwa wance. A nan kowa kan yi tsit, don kowa sunansa yake jira.

Valku ya taso yana tangaɗi, ya tofa wa kuɗinsa yawu, ya manna mini.

"Ke 'yar hankaka, ce daga Saje Valku zuwa ga amarya."

Garofitsa ta gyara tsayuwa. "Daga Saje Valku," ta ce, aka yi tafi, "zuwa ga yayana Sandu, wanda ya tattaka wa yatsu da takalmi, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa ganin bene a ofishin 'yan sandan garin nan, ya ɗaga hannu!"

Hannuwa a sama suke, amma duk wayoyi ne a cikinsu, suna ɗauka.

"Fanel!" magajin gari ya daka mini tsawa. "Kaɗa wani abu ka danne muryarta, ko kai da biki a garin nan har abada!"

Wallahi hannuna ya ɗaga sandar goge da kansa. Sabo turken wawa. Na ɗora yatsun hagu a kan tsirkiya. Huɗu ne, lafiyarsu lau. Na tsaya ina kallonsu.

Na ajiye gogen. Na ɓare kuɗin daga goshina, na jefa a miyar Valku, na karɓi lasifika.

"Daga Fanel zuwa ga ɗansa," na ce. "Ƙarya na sa wa hannu."

Ta ƙofar kicin aka koro mu, wadda dama ta nan muke shiga. Tun ranar ba wanda ya kira ni kiɗa, ko da na bikin suna ne. Litinin za mu je birni wajen lauya, ni da yaran. Bayana yana ta ciwo. Garofitsa ta ce rashin sabo da miƙewa ne.