Watan da Hamma Ya Gani

Shekara ɗaya da wata huɗu Hamma ya yi a Tsamiyar Adda yana tafiya kai a sunkuye, har mutanen gari suka ɗauka tsabar ladabi ne. Ladabin akwai shi, amma ba shi kaɗai ba ne. Hamma mutumin ƙasar Damagaram ne, ya gudo lokacin da Faransi suka shiga ɗibar samari zuwa yaƙinsu da Jamus a bayan teku. Ya tsallako iyaka da ƙafa, ya faɗo wannan ƙauye mai gida talatin kusa da Sule Tankarkar, ya sami gona, ya sami mata, Rabi'atu, wadda yanzu take da tsohon ciki. Dagacin garin, Ɗantsoho, ya karɓi umarni daga Gumel cewa duk baƙon da ya shigo daga arewa a kai sunansa. Ya amsa da "to", ya kuma ci gaba da mantawa kullum.

Sau ɗaya Hamma ya ɗaga kai, ranar ashirin da tara ga azumi. Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Suna dawowa daga noma shi da maƙwabcinsa Dogo, rana ta faɗi, hadari ya rufe yamma, sai gajimare ya ɗan tsage.

"Kai, Hamma, dubi can!"

Ya duba. Ga jinjirin wata siriri kamar abin da aka yanke daga farce. Kafin su gama salati gajimare ya haɗe, ruwa ya sauko. Duk garin ba wanda ya gani sai su biyu.

Dogo mutum ne da bakinsa ke riga tunaninsa isa gida. Cikin ruwan nan ya ruga wajen liman, Malam Ilu, yana ihu wata ya tsaya, shi da Hamma sun gani. Liman ya ce kowa ya kwana da niyyar azumi, a haɗu bayan asuba.

Hamma ya san abin da ke gaba. Wata ba ya tsayuwa sai da shaidu biyu, kuma sai sun je Gumel gaban alƙali, an rubuta sunansu da na ubanninsu da garin haihuwarsu. Ga shi kuma ana ta raɗe-raɗin cewa akwai wani tafintan Faransi zaune a Gumel da takardar sunayen waɗanda suka gudu. Da safe, da zai fita, Rabi'atu ta miƙa masa hularsa, amma sai da ya ja sau biyu kafin ta saki.

Aka zauna gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Kowa ya san abin da ake gudu, ba kuma wanda zai faɗa, saboda haka aka shiga muhawara.

Cindo ne ya fara. Shi ya taɓa yi wa Turawan awon iyaka dako wata tara, tun daga nan bai sake yarda da wani abu ba sai an yi masa dalili.

"Allah gafarta Malam, ni na ga takarda a hannun Turawa da ke faɗin ranar tsayuwar watan baɗi. Na baɗi fa! Wata da lissafi yake tafiya. Me zai sa a wahalar da mutum biyu har Gumel? Su tambayi Baturensu mana."

"Takardar tana da ido?" in ji liman.

"Tana da lissafi."

"Mu gani aka ce mu yi."

"To hankalin da Allah ya ba mu na mene ne?"

"Na ka san lokacin yin shiru ne, Cindo. Naka bai ƙaraso ba tukuna."

Aka yi dariya, amma gajera. Hamma yana zaune can gefe, yana kallon tururuwa na jan ƙwayar gero.

Dagaci ya yi gyaran murya, ya gyara rawani. "Dogo, a ina kuke tsaye da kuka gan shi?"

"A ƙarshen gonata, ranka ya daɗe."

"Kafin turken ƙarfen Turawa ko bayansa?"

Dogo ya yi tunani. Turken iyaka ya raba gonarsa biyu tun shekara takwas, geron kudu na Ingilishi, na arewa na Faransi, tsuntsaye kuma suna cin duka. "Bayansa da taku kamar goma."

"To ai shi ke nan!" Dagaci ya buga cinya. "A ƙasar Faransi aka gan shi. Watansu ne. Ba ruwan Gumel da shi. In shaida ce sai a je Damag..." Ya ji inda maganarsa ta nufa, ya haɗiye sauran.

"Ranka ya daɗe," in ji liman, "turken nan gero ya raba, bai raba sama ba."

"Bai raba komai ba ma," Cindo ya cafe. "Da nake yi musu dako, Baturen Ingila ba ya shan ruwa a rijiyar da na Faransi ya sha. Yau Jamus ta matsa musu, sun zama 'yan ɗaki ɗaya, kuma tsarabar zumuncinsu 'ya'yan mutane ne. Wannan ya kamo ya miƙa wa wancan. Sannan a aiko mana mu yi musu addu'ar nasara, alhali an ce Sarkin Santambul, musulmi ɗan'uwanmu, yana ɗaya ɓangaren. Malam, ranar Juma'a wa kake roƙa wa?"

"Ina roƙa wa mai gaskiya."

"Wane ne a cikinsu?"

"Wanda nake roƙo ya san shi. Ni ba a ce in tantance ba."

"Cindo, rage murya," in ji dagaci. "Kai bakinka kawai kake ɗauke da shi, ni rawani ne a kaina. Hukuma hukuma ce, ko ta wane ne. In aka ji a Gumel an ga wata a garina na danne, me zan ce? In kuma na aika..." Nan ma bai ƙarasa ba. Tun safe dagaci bai ƙarasa magana ko ɗaya ba.

Rana ta fara ɗagawa. In za a yi salla yau, dole masu tafiya su kama hanya yanzu. Liman ya juyo, a karo na farko ya dubi Hamma.

"Hamma."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Dogo ya ce kun gani tare. Ka gani?"

Hanya a buɗe take. Zai iya cewa hadari ne, ko idonsa ne, ko Dogo ya nuna amma shi bai tabbatar ba. Ba wanda zai ƙaryata shi, har Dogon ma, wanda sai yanzu tunaninsa ya iso ya tarar da abin da bakinsa ya aikata. Hamma ya tuna jirgin ruwan da aka ce ana zuba mutane a ciki kamar buhuna, ya tuna cikin Rabi'atu. Ya buɗe baki don ya yi ƙaryar, sai ya ji ta ƙi fitowa. A ƙofar masallaci, da azumi a baki, a kan watan Allah.

"Na gani," ya ce.

Dagaci ya rufe ido. Wani tsoho ya yi tsaki, kamar an ɓata masa aiki.

Liman ya daɗe yana jan carbi. Shi mutum ne da bai taɓa sauka daga kan littafi ba, ko don ɗansa. Amma ya karanta littafin har ƙarshe, abin da ba kowane mai tsanani yake yi ba.

"To, ya isar da abin da ke kansa," in ji shi. "Saura abu ɗaya. Littafi bai ce mutum biyu ba. Adalai biyu ya ce. Wanda ba ya wasa da salla, ba ya abin da ke zubar da mutunci. Ba zan aika wa alƙali shaidar da zai dawo mini da ita ba. Dogo a gabanmu aka haife shi, mun san iyakar haukansa. Hamma kuwa, akwai wanda ya san wani aibi a tare da shi?" Ya ɗaga yatsa. "Kowa da azumi a bakinsa. Gaskiya kawai nake karɓa."

Fuskoki suka washe, sannan suka sake yamutsewa. Mutum talatin suka duƙufa neman laifin Hamma, suka rasa.

"Ba ya... ba ya yawan magana," in ji dagaci.

"Wannan ba aibi ba ne, ranka ya daɗe. Da ma a raba wa wasu."

"Ya taɓa faɗa da jakina," in ji wani.

"Ƙarya kake, jakin ne ya cije shi," in ji na kusa da shi. "Shi ya ba jakin haƙuri."

Hamma ya ƙara sunkuyar da kai. Wata goma sha shida yana kaffa-kaffa, yana riga kowa sahu, yana gaida yaro da babba, don kada a sami abin faɗa a kansa. Ga shi ba a samu ba, kuma shi ne zai kai shi Gumel.

Sai wata murya ta fito daga bayan zanan gidan da ke jikin masallaci.

"Malam, a yi mini izini."

Iya Sabuwa ce, uwar Rabi'atu. Tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa kiran sunan Hamma ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango ta a hanya, ta cikin ƙaya yake ratsewa. Jin muryarta kawai ya sa ya cire takalmin da ba ya ƙafarsa.

"Muna ji, Iya."

"A tambayi mijin yarinyar nan. Kasuwar Sule Tankarkar, sati biyu kafin azumi, wa na gani tsaye a tsakiyar kasuwa, hula a aljihu, yana cin ƙosai, mai na bin hannunsa har gwiwa? Ni kunya ta sa na koma ta rumfar masu tukwane."

"Hamma, an yi haka?"

"An yi, Allah gafarta Malam."

"A tsaye?"

"A tsaye."

"Subhanallahi," in ji liman, cikin natsuwar wanda aka sauke wa kaya. "Ci a kasuwa, kai ba hula. Malamai sun yi magana a kan wannan."

Kamar an fasa tulu. Cindo ya miƙe tsaye. "Dara fa? Kullum la'asar sai ya buga dara a bayan rumbuna. Sau uku ana tada iƙama yana cewa bari a ƙarasa wannan ci!"

"Da wa yake bugawa?"

"Malam, ni ba watan na gani ba."

Wani ya ce ya ji shi yana waƙar 'yan mata a gona, har da karya murya. Wani ya ce ranar sunan gidan Ubale ya yi rawa da ya ɗauka ba mai ganinsa. Dagaci, da ya ga hanya ta buɗe, ya ƙarasa magana a karo na farko: ya taɓa ganin Hamma ya yi hamma a sahu bai rufe baki ba. Duk abin da aka faɗa sai liman ya tambaya, Hamma kuma ya amsa an yi. Abin da ya ba shi mamaki, har ya ɗan sosa masa rai, shi ne yawan abin da suka sani. Ashe duk sunkuyar da kan nan da yake yi, shi kaɗai ne ba ya kallon kowa.

"Ya isa," in ji liman, da ya ga abin ya fara yi wa jama'a daɗi. "Shaidar Hamma ta faɗi. Saura Dogo, wata kuwa ba ya tsayuwa da mutum ɗaya. Dogo, ka isar, na ji. Ba mai zuwa Gumel. A cika talatin. Ku biyun da kuka gani, tsakaninku da Allah, amma kada a ga ɗayanku yana ci a fili." Ya dubi Hamma. "Musamman kai."

Aka watse ana ta dariya, kowa ya saɓi fartanya, mutanen da aka ƙara wa yini guda na ƙishirwa a tsakiyar noma. Hamma ya ci gaba da zama a inda yake. Daga nan ya ji Cindo ya tsaya kusa da liman.

"Malam, tsakani da Allah, wannan addini ne ko hankali?"

"Littafi ne. Je ka noma."

Dogo ya zo ya tsaya a kan Hamma yana sosa ƙeya. An ce alƙali kan ba masu kawo labarin wata riga, kuma Dogo ya riga ya zaɓi launinta a zuciyarsa. Ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi.

"Don Allah ƙosai nawa ka ci, da ya ja mini asarar riga?"

"Bakwai."

"A tsaye?"

"Dogo, ka bari."

Da magariba sama ta yi tas. Wata ya fito can sama, da kaurinsa, ya daɗe bai faɗi ba, irin wanda ko mai hakiya ya san ba na daren farko ba ne. Duk gari aka fito aka dube shi. Cindo ya buɗe baki zai yi lissafi, dagaci ya taka masa ƙafa. Liman ya ce, "Alhamdu lillahi, gobe salla," ya shige masallaci.

Hamma ya tsaya a tsakar gidansa, kai a ɗage, yana kallo har wuyansa ya gaji. Rabi'atu ta fito da akushi a rufe, tana tafiyar masu tsohon ciki, ta ajiye a kan tabarma.

"Daga gidan Iya," ta ce.

Ya buɗe. Ƙosai ne, da zafinsa.

"Ta ce a faɗa maka wani abu." Rabi'atu ta kau da kai tana danne dariya. "Wai a zauna."

Hamma ya gyara hularsa, ya zauna.