Waya Mai Bakin Zinare

Idan ana lissafin mazan da wutar lantarki ta san da zamansu, a fara da Sha-Wuta tukuna. Shekara arba'in da ɗaya yana hawa falwaya. Sau uku wuta ta damƙe shi ta girgiza ta yar, sau ukun yana tashi ya kakkaɓe wandonsa. Yatsu biyu ta ci masa a hannun hagu, iyakar abin da ta samu ke nan. Bai taɓa zama a aji ba, amma injiniyoyi masu takardu sun sha tsayawa a ƙasa suna ɗaga kai, suna jiran ya leƙo daga sama ya gaya musu inda cutar take.

Yanzu ya ajiye aiki, daga shi sai matarsa a ɗaki biyu da falo. Shekara arba'in da bakwai da aure, har yau Yarinya yake ce mata, ita kuma ta ce Malam. Autarsu tana aure can nesa, tafiyar da sai jirgin sama, ta haifi ɗa namiji, wata goma sha huɗu ke nan, tsofaffin ba su taɓa ɗaukarsa ba. Sai ga saƙo daga Auta: talabijin mai faɗi, da wani ɗan akwati baƙi da bai fi sabulu ba. Ta ce ta zuba bidiyon yaron a ciki, tun daga ranar da ya fara zama har ranar da ya taka ƙasa. A kwalin akwai wata 'yar waya siririya da ke haɗa akwatin da talabijin.

Sha-Wuta ya haɗa da kansa, wa zai kira? Hoto ya fito. Yarinya ta zauna a kujerarta ta jikin taga, ta ƙura ido, ta karkata kai, ta sake ƙurawa.

"Malam, dishi-dishi nake gani. Kamar an shafa wa gilashin mai. Ina fuskar mijin nawa?"

"Mijinki yana nan tsaye a gabanki."

"Ba kai ba, sabon. Kai ai na gaji da ganinka."

Shi dai hoton bai yi masa laifi ba. Amma Yarinya tela ce, shekara talatin tana kan keken ɗinki, macen da take zura zare a allura ana kiran magariba. Tun suna matasa ita ke hango masa lambar mota daga ƙarshen titi. Idan ta ce hoto bai fita ba, to bai fita ba. Ya zagaya bayan talabijin, ya ɗago 'yar wayar da yatsunsa uku, ya yi tsaki.

"Ga ɓarauniyar nan. Wannan igiyar takalmin ce za ta ɗauko min jika daga wata duniya? Ai dole ya zube a hanya."

Dokar da ya rayu a kanta ke nan: waya siririya, kaya kaɗan. Ya ga gidajen da suka ƙone saboda rowar tagulla. Washegari da hantsi ya zura babbar riga ya nufi layin masu kayan lantarki.

Mai shagon wata mace ce mai tabarau, sa'ar babbar 'yarsa. Ya ajiye mata siririyar a kan kanta kamar wanda ya kamo ɓera.

"'Yata, ba ni uwar wannan. Wadda ta fi kowacce kauri a shagon nan."

Ta ciro wata daga cikin gilashi, mai kaurin ɗan yatsa, an yi mata saƙa kamar igiyar doki, bakinta biyu suna ƙyalli da ruwan zinare. Kuɗinta ya ninka na siririyar sau goma. Idon Sha-Wuta ya kawo haske. Amma matar ba ta sakar masa ba.

"Baba, me taka ta yi?"

"Hoto dishi-dishi."

"To ba ita ba ce. Wannan ba irin wutarku ba ce, Baba. Saƙo take kaiwa, ko ya isa duka ko bai isa ba. In ta lalace za ka ga hoto yana ɗaukewa, ko yana tartsatsi. Dishi-dishi ba aikinta ba ne. Taku nawa ne daga akwatin zuwa talabijin?"

"Ko taku ɗaya bai kai ba."

"Ka gani. Sai mai jan waya daga wannan ɗaki zuwa wancan ne yake neman mai ƙwari."

"Lokacin da na fara jan waya, uwarki ba ta iya ɗaura zani ba."

Ta yi dariya, ta ce ba ta musa ba. Ta juya ta jona siririyar a wani talabijin, ta jona mai zinaren a na kusa da shi, ta tsaya ta tare bayan da jikinta. Kifaye masu launi suna iyo a duka biyun.

"Wanne ya fi, Baba?"

Ya matso, ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya kamar mai auna falwaya. Ya nuna na dama da ƙarfinsa. "Wannan. Ko makaho ya shafa ya san zinare."

Ta matsa gefe. Igiyar takalmin ce a jikin na daman.

"Gwada ki nake yi," in ji Sha-Wuta. "Naɗe min mai kaurin."

Ta naɗe, tana girgiza kai. "Kada ka yar da kwalin. In ba ta yi ba, ka dawo min da ita."

Bayan azahar ya iso gida yana taku ɗai-ɗai. Ya sa wa Yarinya wayar a hannu ta ji nauyinta, ya ba ta labarin yadda ya koya wa mai shago sana'arta, bai dai kawo zancen kifaye ba. Ya durƙusa, gwiwoyi suna ƙara, ya jona, ya kunna.

"To, yanzu fa?"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tafa hannu. "Kai, Malam! Yanzu ne aka yi hoto. Tangaran!"

Ya gyara zaman hularsa. Ai ya faɗa.

"Ga shi nan, ɗan lukuti," ta ce, tana miƙa hannu wajen talabijin. "Jar rigar nan ta yi masa kyau. Zo nan, angona, zo. Dubi yadda ya zauna shiru, ba irin kakansa ba."

Sha-Wuta ya dubi talabijin. Falon Auta ne a ciki, da kujera, da jan matashin kai a kanta. Yaron bai ma shigo ba tukuna, muryar Auta ce kawai take kiransa daga gefe. Can sai ga shi ya ɓullo da rarrafe cikin farar singileti, ya wuce ta gaban kujerar. Idon Yarinya bai bi shi ba. Matashin take yi wa wasa.

Ya juya ya dube ta. A aikinsu, in gida ya yi duhu ba a zato, layi ake bi: daga falwaya zuwa mita, daga mita zuwa soket, har a kai ƙwan fitila. Ya bi layin a ransa. Akwati lafiya. Waya, ko ta jiya, lafiya. Talabijin lafiya. Saura taku shida daga talabijin zuwa kujerar jikin taga, kuma nan babu waya.

Sai abubuwa suka riƙa dawo masa. Keken ɗinkin da ta lulluɓe tun bara, ta ce ciwon baya ne. Shayin da take zubawa yana malala a faranti. Yadda take bin bango da hannu in za ta kicin.

Ya kashe sautin, ya ja kujera ya zauna a gabanta. Ya tallafo haɓarta, ya juya fuskar wajen hasken taga, abin da ya daɗe bai yi ba. A tsakiyar baƙin idon akwai wani fari-fari kamar an ɗiga madara, na hagu ya fi.

"Yarinya, tun yaushe?"

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. "Wayar ta yi kyau, Malam. Wallahi ta yi nauyi."

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara." Ta sunkuyar da kai. "An ce yanar ido ce. An ce yankawa ake yi. Ni kuwa ko allurar asibiti... Kuma kai ka saba ni ce mai ido a gidan nan."

Mutumin da wuta ta yar sau uku bai yi hawaye ba, ba zai fara a gaban mace ba, don haka ya miƙe ya yi kaki. Ya kama kujerar da ita a kai, ya ja ta ƙiiii a kan siminti, tana ihu tana cewa zai karya ta, har gwiwoyinta suka taɓa teburin talabijin. Ya mayar da bidiyon baya, ya tsayar daidai inda yaron ya ɗago ya cika gilashin da fuska.

Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta ɗora yatsa a goshin, ta gangaro kan hanci a hankali, ta tsaya a baki.

"Haƙora huɗu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Auta ba ta gaya min ba." Yatsan ya koma gefe. "Wayyo, Allah sarki yaro. Kunnuwanka ya kwaso."

"Kunnuwan maza ke nan."

"Kamar faifai."

"Gobe da safe za mu asibitin ido," ya ce. "In sun ce za su taɓa, ina nan tsaye a kansu. In ga likitan da hannunsa zai yi rawa Sha-Wuta yana kallo."

Ba ta ɗauke yatsanta daga gilashin ba. "Ba sa barin kowa ya shiga, Malam."

"To zan tsaya a bakin ƙofa su riƙa jin tarina."

Ta lalubo hannunsa na hagu, mai yatsu ukun, ta riƙe.

"Sake shi ya yi tafiya," ta ce. "Amma ka riƙa gaya min inda ya nufa."